Sake Kasafta Alƙaluma Tsakanin Iyakokin da Suka Ratsa Juna: Hanyoyi da Wuraren Tuntuɓe

1.0 Gabatarwa

Kowane adadi da hukuma ta tattara game da jama'a, ko na ƙidaya ne, ko na haraji, ko na 'yan makaranta, yakan zo ne ɗaure da wata iyaka. Akan ce mutanen gunduma kaza sun kai dubu kaza, amma ba a fayyace nawa ne ke gabashin gundumar, nawa ne kuma ke yammacinta. Muddin mai bincike zai tsaya a cikin wannan iyaka, to, ba shi da wata damuwa. Wahala takan taso ne yayin da ya buƙaci adadin a cikin wata iyaka dabam, wadda ta ratsa ta farkon ta raba ta gida biyu ko uku. A nan tilas ne a sake kasafta adadin, a ba kowane ɓangare rabonsa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda manhajojin nazarin taswira a kwamfuta ke gudanar da wannan kasafi. Za a duba tushen matsalar, da manyan hanyoyi uku da masana suka fito da su, da kuma wuraren da akan yi tuntuɓe. Abin da ake son mai karatu ya riƙe shi ne, kowane kasafi yana tsaye ne bisa wani zato game da inda mutane suke zaune a cikin yankin da aka ƙidaya su, kuma ingancin amsar ba ya wuce ingancin wannan zato.

2.0 Tushen Matsalar

Tarihin mulki a Nijeriya ya wadatar wajen nuna yadda iyakoki ke sauyawa. A shekarar 1967 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta rushe tsarin yankuna ta kafa jihohi 12. Janar Murtala Muhammad ya mai da su 19 a 1976, suka zama 21 a 1987, suka zama 30 a 1991, sa'an nan suka cika 36 a 1996. Ƙananan hukumomi kuwa, daga 301 da gyaran 1976 ya samar, sun kai 774 a tsarin mulkin 1999. Ita ƙidayar jama'a ba ta bi wannan sauri ba. An yi ta a 1963, an soke ta 1973, an sake yi a 1991 da 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta.

Alal misali, ƙidayar 1963, wadda ita kanta ta jawo gardama mai yawa, ta ba Lardin Kano mutum kimanin miliyan 5.8. Ƙidayar 1991 ita ma ta ba Jihar Kano kimanin miliyan 5.8. Wanda ya jera waɗannan alƙaluma biyu ba tare da sanin tarihi ba, sai ya ce Kano ta yi shekara 28 ba ta ƙaru ba. Dalili kuwa shi ne, a watan Agusta na 1991, watanni kaɗan kafin ƙidayar, an cire Jihar Jigawa daga Kano, aka ƙidaya mutanenta su kimanin miliyan 2.9 daban. Idan aka haɗa biyun sai a sami kusan miliyan 8.7, wanda shi ne abin da ya dace a gwada da na 1963.

Wannan misali mai sauƙi ne, domin sababbin yankunan biyu suna cikin tsohon, tarawa kawai ake yi. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya a Jihar Kogi, wadda aka haɗa a 1991 daga ɓangarorin Kwara da Binuwai. Ya kuma fi tsanani idan iyakar da ake buƙata ba ta mulki ba ce sam. Kogin Haɗeja, idan ya yi ambaliya kamar yadda ya yi a 2022, yakan ci wani sashe na Ringim, da wani na Auyo, da wani na Haɗeja da Guri, ba ruwansa da inda wata ƙaramar hukuma ta tsaya wata ta soma. Jami'in agaji yana da adadin mutanen kowace ƙaramar hukuma a hannunsa, alhali abin da yake nema shi ne adadin waɗanda ke cikin ƙasar da ruwa ya malale. Haka ma ɗalibin nazarin karin harshe da ya zana iyakar wani lafazi a taswira, yake son ƙiyasta yawan mazauna cikinta, da wannan matsala zai yi karo.

3.0 Kalmomi da Yadda Manhaja Ke Aiki

Domin sauƙin bayani, za a kira yankin da aka tattara adadi a cikinsa "yankin asali", a kira wanda ake son a mayar da adadin cikinsa "yankin buƙata". Idan aka ɗora taswirar ɗaya bisa ta ɗayan, iyakokinsu sukan yayyanka juna su haifar da ƙananan ɓangarori, waɗanda za a kira "gutsattsari". Kowane gutsure yana cikin yankin asali guda ɗaya tak, yana kuma cikin yankin buƙata guda ɗaya tak.

A da can, da takarda mai shara-shara ake wannan aiki, a shimfiɗa ta bisa taswira a bi layi da fensir, a auna faɗin kowane gutsure da hannu. Tsarin kwamfuta na farko da ya ɗauke wa mutane wannan wahala shi ne wanda Roger Tomlinson ya jagoranta a Kanada cikin shekarun 1960, domin ƙididdige filayen ƙasar. A 1982 kamfanin ESRI na Amurka ya fitar da ARC/INFO, wadda daga baya ArcGIS ta gaje ta, a 2002 kuma aka soma QGIS, wadda kyauta ake samunta. Duk da bambancinsu, matakai huɗu suke bi. Na farko, a yanka taswirorin biyu a fitar da gutsattsari. Na biyu, a ba kowane gutsure nauyi, watau kason da zai samu daga adadin yankinsa na asali. Na uku, a ninka adadin da wannan nauyi. Na huɗu, a tattara rabon gutsattsarin da suka faɗa cikin kowane yankin buƙata. Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan aikin, a nan ne kuma hanyoyin suka sha bamban.

Akwai sharaɗi guda da ya hau kan kowace hanya. Kamar yadda a rabon gado tilas ne abin da magada suka karɓa, in an tara, ya yi daidai da dukiyar da aka bari, haka nan tilas ne rabon gutsattsarin kowane yankin asali ya koma daidai da adadinsa na farko. Idan aka fara da mutum 200,000 aka ƙare da 190,000 ko 210,000, to, an tabbata akwai kuskure a wani wuri.

4.0 Hanyoyin Kasafi

4.1 Kasafi Bisa Faɗin Ƙasa

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, wadda Michael Goodchild da Nina Lam suka tsara bayaninta a 1980. Nauyin kowane gutsure shi ne faɗinsa a raba da faɗin yankin asali baki ɗaya. Domin a gane, a ƙaddara wasu ƙananan hukumomi biyu na misali, Gabas da Yamma. A ɗauka Gabas tana da faɗin murabba'in kilomita 1,000 da mutum 200,000, Yamma kuma tana da murabba'in kilomita 500 da mutum 150,000. A ɗauka kuma ambaliya ta ci murabba'in kilomita 300 a Gabas, da 200 a Yamma. Ruwa ke nan ya shafi kashi 30 cikin 100 na ƙasar Gabas, saboda haka sai a ce ya shafi mutum 60,000. A Yamma ya shafi kashi 40 cikin 100 na ƙasar, watau mutum 60,000 su ma. Jimla ta kama 120,000.

Zaton da ke ƙarƙashin wannan lissafi shi ne, mutane sun bazu daidai wa daida a ko'ina cikin yankin, tamkar an watsa iri a gona. Kowa ya san ba haka mutane ke zama ba. Gandun dajin Yankari, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, yana cikin Ƙaramar Hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauchi. Wanda ya kasafta mutanen Alƙaleri bisa faɗin ƙasa, zai zaunar da dubban mutane a takarda tsakanin giwaye da gwanki. Duk da haka hanyar tana da amfani idan yankunan asali ƙanana ne ƙwarai bisa ga yankin buƙata, domin a wannan hali yawancinsu sukan faɗa ciki ɗungurungum, kaɗan ne kawai iyaka ke yankawa. Inda kuma babu wani ƙarin bayani, masu iya magana sun ce da babu gara ba daɗi.

4.2 Kasafi Bisa Matsugunai

Hanya ta biyu takan nemi taimakon wata taswira ta uku wadda ke nuna inda mutane ke zaune. Masanin labarin ƙasa na Rasha, Semenov-Tian-Shansky, shi ya raɗa wa wannan salo suna a 1911, sa'an nan John K. Wright ya yaɗa shi a Amurka a 1936 da taswirar da ya yi ta yankin Cape Cod. Da farko akan cire wuraren da ba kowa, kamar tafki da dutse da gandun daji, sa'an nan a raba adadin a kan abin da ya rage. A yau hotunan tauraron ɗan'adam suna nuna rufin gidaje ɗaya bayan ɗaya, har ma shirin WorldPop na Jami'ar Southampton a Ingila ya yi amfani da irin waɗannan bayanai ya ƙiyasta yawan jama'a a gurabe masu kimanin mita 100 kowace kusurwa.

A koma ga misalin da ya gabata. A ɗauka gine-ginen Gabas duka sun mamaye murabba'in kilomita 40, amma da yake babban garin yana kan tudu, murabba'in kilomita 4 ne kawai ke cikin ruwa, watau kashi 10 cikin 100. Rabon Gabas ya sauko ke nan daga 60,000 zuwa 20,000. A Yamma kuwa, a ɗauka gine-gine sun mamaye murabba'in kilomita 30, kuma 18 daga ciki suna bakin fadama, watau kashi 60 cikin 100. Rabonta ya tashi daga 60,000 zuwa 90,000. Jimla ta zama 110,000.

Abin lura a nan shi ne, jimlolin biyu ba su yi nisa da juna ba, 120,000 da 110,000, har mai gaggawa ya ce hanyoyin duk ɗaya ne. Amma da za a raba buhunan hatsi bisa lissafin farko, Gabas za ta karɓi ninki uku na abin da ya kamace ta, mutum 30,000 kuma a Yamma su tashi hannu rabbana. Kurakurai biyu ne suka rufa wa juna asiri a cikin jimla.

Ita ma wannan hanya da nata zaton, watau cewa kowane rufi daidai yake da ɗan'uwansa wajen yawan mazauna. Kasuwa da masana'anta da makaranta duk gine-gine ne, amma ba a kwana cikinsu. Gida ɗaya a tsohon birnin Kano yana iya ɗaukar mutanen da suka ninka na wani babban gida a unguwar masu hali. Rugar makiyaya da bukkar ciyawa kuwa sau da yawa sukan saje da ƙasa a hoto, su ɓace daga lissafi.

4.3 Kasafi ta Hanyar Lallausa Iyaka

Hanya ta uku Waldo Tobler ne ya gabatar da ita a 1979. Tun a 1970 ya riga ya bayyana ra'ayin cewa abubuwan da ke kusa da juna sun fi alaƙa bisa ga waɗanda ke nesa. Bisa wannan, bai kamata cunkoson jama'a ya faɗo kwatsam daga sama zuwa ƙasa don kawai an tsallake wani layi da hukuma ta ja ba. Saboda haka sai manhaja ta rarraba taswirar gida-gida tamkar gurabun dara, ta ba kowane gurbi rabo daidai daga yankinsa. Daga nan sai ta gyara kowane gurbi ya kusanci matsakaicin maƙwabtansa, sa'an nan ta sake daidaita gurabun kowane yanki domin jimlarsu ta koma yadda take. Haka za ta yi ta maimaitawa har sauyin ya zama ba a bakin komai ba. Aikin ya yi kama da na magini mai shafe bango, wanda ke jan laka daga inda ta yi tudu zuwa inda ta yi kwari, ba tare da ya ƙara ko ya rage ko ɗan curi ba. Amfanin hanyar shi ne ba ta buƙatar taswira ta uku. Rauninta kuwa yakan bayyana inda sauyin na gaske kwatsam ne, kamar inda gari ya ƙare a bakin kogi ko a gindin dutse.

5.0 Adadin da Ake Tarawa da Wanda Ba a Tarawa

Kafin a danna komai a manhaja, wajibi ne a san irin adadin da ke hannu, domin iri biyu ne. Akwai wanda ake tarawa, kamar yawan mutane, ko shanu, ko buhunan gyaɗa. Idan aka raba yanki biyu, shi ma adadin ya rabu. Akwai kuma wanda ba a tarawa, kamar cunkoson jama'a a murabba'in kilomita, ko kaso cikin ɗari, ko matsakaicin ruwan sama. Idan aka raba tulun ruwan zafi a ƙwarya biyu, yawan ruwan ya rabu, amma zafinsa yana nan yadda yake a kowace ƙwarya.

A misalin da aka kawo, cunkoson Gabas mutum 200 ne a murabba'in kilomita, na Yamma kuma 300. Wanda ya ɗauki cunkoso a matsayin abin tarawa zai sami kashi 30 cikin 100 na 200, da kashi 40 cikin 100 na 300, jimla 180, adadin da ya gaza na kowane ɗayan yankunan biyu, wanda kuma ba shi da wata ma'ana. Amsar da ta dace da kasafi bisa faɗin ƙasa ita ce mutum 120,000 a raba da murabba'in kilomita 500, watau 240.

Kaso cikin ɗari ya fi wannan haɗari. A ɗauka kashi 40 cikin 100 na mutanen Gabas ke samun ruwan famfo, a Yamma kuma kashi 60. Idan aka auna da faɗin ƙasa, za a ce kashi 48 cikin 100 na mutanen yankin ambaliya ke samu. Amma ai mutane ke shan ruwa, saboda haka da yawan mutane ya kamata a auna. Daga 20,000 na Gabas za a sami 8,000, daga 90,000 na Yamma a sami 54,000, jimla 62,000 daga cikin 110,000, watau sama da kashi 56 cikin 100. Ƙa'idar ita ce a warware kowane kaso zuwa adadi biyun da suka haife shi, a kasafta kowanne daban, sa'an nan a sake raba su a ƙarshe.

6.0 Wasu Wuraren Tuntuɓe

Na farko shi ne salon shimfiɗa taswira. Duniya ƙwallo ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, kuma digiri ba ma'aunin faɗi ba ne, tun da tazarar digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma tana raguwa yayin da aka nufi arewa ko kudu daga tsakiyar duniya. Salon Mercator, wanda taswirorin intanet suka fi amfani da shi, yakan ƙara wa ƙasar da ke daidai Kano faɗi da kashi 4 zuwa 5 cikin 100, ƙarin kuma yana hauhawa idan aka doshi Turai. Ya kyautu a mayar da taswirorin duka bisa salo ɗaya mai kiyaye faɗin ƙasa kafin a soma awo.

Na biyu shi ne siraran gutsattsari na ƙarya. Idan hukumomi biyu suka zana iyaka guda, ko da kogi ɗaya suka bi, da wuya layukansu su hau kan juna daidai. Manhaja kuwa takan ɗauki kowane ɗan saɓani a matsayin gutsure na gaske ta ba shi mutane.

Na uku shi ne saɓanin lokaci. Wanda ya raba alƙaluman 2006 bisa hoton gine-ginen 2020, zai tura mutane cikin unguwannin da gonaki ne a lokacin ƙidayar, musamman a gefen manyan birane irin su Kano da Kaduna.

Na huɗu, wanda ya fi sauran zurfi, shi ne sauya iyaka kan sauya sakamakon bincike kansa. A 1979 Stan Openshaw da Peter Taylor sun ɗauki gundumomi 99 na Jihar Iowa ta Amurka, suka yi ta harhaɗa su ta fuskoki dabam-dabam, suna auna alaƙar yawan tsofaffi da yawan ƙuri'un jam'iyyar Republican. Da alƙaluma iri ɗaya suka sami alaƙa mai ƙarfi ta tafiya tare, suka kuma sami mai ƙarfi ta saɓani, gwargwadon yadda aka ja layukan. Wannan ya nuna cewa ko da kasafi ya tafi daidai, ba a ɗaukar hukuncin da aka yanke a kan wasu iyakoki a ɗora shi kan wasu kai tsaye.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa manhaja ba ta ƙin ba da amsa. Ko an ba ta zato mai kyau ko marar kyau, za ta fitar da adadi har da ɗigo da 'yan lambobi a bayansa, wanda hakan kan sa mai karatu ya zaci ƙidaya ce alhali ƙiyasi ne. Saboda haka akwai abubuwa biyar da suka wajaba a kan mai bincike. Ya fara daga mafi ƙanƙantar yankin da aka wallafa alƙalumansa, domin mazaɓa ta fi ƙaramar hukuma kusa da gaskiya, ƙaramar hukuma kuma ta fi jiha. Ya tantance ko adadinsa na tarawa ne ko ba na tarawa ba. Ya gwada jimla kafin kasafi da bayansa. Ya gwada hanya fiye da ɗaya, ya duba bambancinsu yanki-yanki, kada jimla kaɗai ta ruɗe shi. Daga ƙarshe ya bayyana wa masu karatunsa hanyar da ya bi da shekarar kowace taswira da ya yi amfani da ita.

Inda kuma abin ya shafi rabon magani, ko gina makaranta, ko kai agaji, ya kamata a zaɓi wasu 'yan ƙauyuka a taka a je, a tambayi dagatai da masu unguwanni, a gwada abin da suka faɗa da abin da kwamfuta ta fitar, domin gani ya kori ji.